Filomiz Mai Rakiyar Magani

Duk wanda ya ce komadre Filomiz mai safarar mutane ce, ya zo ya faɗa a gabana, amma ya tsaya nesa kaɗan, don hannuna ba ya shawara da ni idan raina ya ɓaci. Shekara ashirin da shida na san matar nan. Ni na riƙe 'yarta Widelin a coci ranar da fada ya zuba mata ruwan baftisma. Tun daga ranar muke kiran juna komadre, kuma a nan bakin kogi komadre ta fi wata 'yar'uwar da kuka fito ciki ɗaya. Yau wata uku ke nan tana tsare a gidan yarin babban garin lardinmu. A takardar kotu an rubuta cewa ta shigo da baƙon haure ƙasarmu, Jamhuriyar Dominika, sau saba'in da ɗaya. Lissafin daidai ne, ba ƙari ba ragi, don ita da kanta ta ba su shi.

Sunana Eladia, amma kowa Donya Lala yake ce mini. Ni ce nas a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, Paso Cana, ɗaki biyu da baranda. Likita yana leƙo mu ran Talata idan babur ɗinsa ya ga dama. Daga barandar kana hango kogin Artibonito, kana hango tsallake, Haiti, da tsaunukan da Filomiz ta kwashe shekara goma sha tara tana hawa tana sauka.

Aikinta rakiyar magani. Mai tarin tibi wata shida yake shan ƙwaya, kullum ban da Lahadi. To ɗan Adam da ka sani, da ya yi wata biyu ya ga tarin ya lafa, abinci ya fara shiga, sai ya ce ya warke ya watsar. Cutar kuwa ba tafiya ta yi ba, laɓewa ta yi. Idan ta dawo, da taurin kai take dawowa, ƙwayar farko ba ta ƙara yi mata komai. Shi ya sa ba a damƙa wa mutum maganin ya tafi gida da shi, sai ya haɗiye a gaban idon wani. A wajenmu majinyaci ne yake zuwa ya haɗiye a gabana. A tsallake gidaje a warwatse suke a kan duwatsu, mai tari ba zai iya saukowa kullum ba, don haka asibitin da 'yan agaji suka gina a Savann Kabrit ya ɗauki mutane irin Filomiz, su bi majinyata gida gida.

Ba don ilimi suka ɗauke ta ba. Lokacin ko sunanta ba ta iya rubutawa. Sabulu da shinkafa take saro wa a kasuwarmu ta ɗora a ka ta kai tsallake, mijinta ya tafi yankan rake tun Widelin tana goye, har yau ko saƙon gaisuwa. Abin da likitan asibitin tsallaken ya gani ƙafa ce da baki. Filomiz tana iya hawa tsauni uku kafin hantsi, kuma idan ta buɗe murya daga wannan tudu, jaki a wancan tudun sai ya waiwayo. Akwai kuma abin da likitan bai sani ba. Tarin nan shi ya kashe uwarta tana 'yar shekara goma sha biyu, ita ta riƙa wanke tsummokaran jinin. Ba ta cika maganar ba. Sau ɗaya ta taɓa gaya mini, muna ɓare wake, kuma ba ta ɗago kai ba har ta gama.

Sai da ƙuruciya ta wuce ta koyi karatu, saboda katin. Kowane majinyaci yana da kati mai gidaje-gidaje, gida ɗaya rana ɗaya. Filomiz ba ta sa alama a gida sai ta ga ƙwaya ta wuce maƙogwaro, ta sa mutum ya buɗe baki, ya ɗaga harshe. Tsoho ne, fasto ne, mai unguwa ne, duk ɗaya. Idan ba ta gani ba, gidan zai zauna fanko ko da ka rantse da kabarin uwarka. Ina tsokanarta ina cewa ranar tashin ƙiyama mala'iku wajenta za su zo aron littafi. Sai ta ce, "Su zo, komadre, nawa ba gyara a ciki."

A cikin duk waɗanda ta raka, babu wanda ya ba ta wuya kamar Anteno. Mai ƙona gawayi ne, ya ba hamsin baya, dogo, bakinsa ba ya rabo da zolaya, kuma ba abin da yake so a duniya kamar zakaransa na faɗa. Da aka fara masa magani a watan Janairu, sai ya ji an ce ƙwayar tana sa ƙarfi. Ya koyi maƙale guda ɗaya a bayan dasashi, idan Filomiz ta juya baya ya ɗura wa zakara. Abin da bai sani ba, ƙwayar nan tana rina fitsarin mutum ya koma ja. Ranar da Filomiz ta ga kashin zakara ja wur a tsakar gida, nan take ta gano shi. Ta sunkuya ta cafke zakaran, ta sa shi a hammata, ta kama hanya.

Anteno ya biyo ta yana tari yana roƙo. "Madam Filo, don Allah! Ki tafi da matata, ki bar mini zakara!"

Ta ce, "Matarka ta fi ka hankali, me zan yi da ita? Ranar da ka cika wata guda kana haɗiya kamar mutum, ka zo ka karɓi ɗan'uwanka."

Haka aka yi. Wata guda zakara yana ɗaure a gindin mangwaron gidanta.

A watan Maris aka rufe asibitin Savann Kabrit. Ba gobara ba, ba 'yan bindiga ba, takarda ce kawai ta zo daga wata ƙasa mai nisa cewa an daina ba da kuɗin. Kwana shida aka ba su. Likitoci suka tattara, aka ɗora janareto a mota, aka sa kwaɗo a ƙofa. Wai masu kuɗin sun ce sun gaji da ɗaukar nauyin mutanen da ba nasu ba. To, dukiyarsu ce, ban isa in ce dole ba. Amma ko mai ba ka aron tsani ba ya janye shi kana tsakiyar hawa. Su suka zo suka ce wa mutane ku fara shan maganin nan, idan kun tsaya a hanya ya fi rashin farawa muni. Su suka koya wa Filomiz wannan karatun har ta haddace shi. Sannan su ne suka tsaya a hanya, ko sallama babu.

Majinyata bakwai ne a hannunta. Ta haɗa 'yan ƙwayoyin da suka rage a jakarta ta ƙarasa wa huɗu da suke gab da gamawa. Biyu 'yan'uwansu suka ɗauke su zuwa birni. Saura Anteno, ya yi wata biyu, da sauran wata huɗu a gabansa.

Ran Alhamis ta zo mini. Alhamis da Lahadi ne kasuwarmu, kuma ranar kasuwa kowa yana ƙetarowa ba mai tambayar takarda, muddin ka koma kafin yamma. Na haɗa mata kofi, ta ƙi zama.

Ta ce, "Komadre, ba zumunci ya kawo ni ba. Maganin mutum ɗaya nake so, na wata huɗu. Ki ba ni na mako-mako, in riƙa kai masa."

Na ce, "Ki kawo shi in gwada majinarsa in buɗe masa kati. Mai tibi ba a tambayarsa ƙasa, wannan kam doka ta yarda. Amma maganin ba ya fita daga ɗakin nan. A gabana zai haɗiye."

"A gabana fa? Idona ya makance ne?"

"Ba haka ba ne. Ke yanzu ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Idan aka ji na ba da maganin gwamnati ya ƙetare kogi, kashina ya bushe. Saura mini shekara biyu in yi ritaya."

Na ɗauka za ta zazzage ni, don bakinta ba ya tsoron kowa. Da ma ta yi, wataƙila da na ji kunya na ba ta. Amma na doke ta da sandarta ne. Shekara goma sha tara tana gaya wa mutane cewa magani ba ya bin mutum gida sai da mai gani, kuma doka doka ce. Ta ajiye kofin, sannan ta ce, "Kin yi gaskiya. Idan magani ba zai ƙetara ba, mai shi zai ƙetaro."

Ranar ban ga laifina ba. Har daɗi na ji wai mun rabu lafiya.

Tun daga Litinin ɗin da ta biyo baya, kullum da sassafe Filomiz za ta hau tudu ta taso Anteno, su gangaro bakin ruwa, tsoho Merisye mai kwalekwale ya ƙetaro da su. Ba ta yarda ya zo shi kaɗai, ta san halinsa, idan ya ji zakaru suna cara a wani wurin can zai nufa. Kuma a makonnin farko ko hawan gangaren da ke tsakanin kogi da asibiti ba ya iyawa sai ya dafa kafaɗarta. Ba mai biyanta ko sisi. Ta koma saron sabulunta da rana don ta ci abinci. A kwana shida na shan magani, Alhamis kaɗai suke shigowa bisa ƙa'ida. Sauran biyar ɗin, a idon doka, baƙin haure ne, na minti arba'in.

Zan ba shi ƙwayoyinsa, ya haɗiye, in rubuta a littafina. Duk da haka sai Filomiz ta kama haɓarsa ta leƙa bakin da kanta, sannan ta zaro tsohon katin asibitin da aka rufe ta sa alamarta. Na ce mata, "Wa za ki kai wa wannan katin? Ƙadangarun Savann Kabrit?" Ta ce aiki aiki ne ko ba mai dubawa.

Sojojin da ke mashigar sun san su. Sukan ce, "Mama Filo, yaya jikin mijin naki?" Ta ce, "Allah ya tsare ni, da wannan gara zakaransa." Su yi dariya su kau da kai. Anteno ya fara ciko, kumatu suka fito, tarin ya koma jefi-jefi. Bayan magani nakan ba shi gurasar rogo da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ya zauna a baranda yana ci yana neman aurena.

"Donya Lala, idan na warke ki shirya. Ina da gawayi buhu goma da zakara ɗaya."

Na ce, "Ka fara biyan matarka Ilfrida haƙurin da ta yi da kai tukun, tsohon banza."

Ko da ruwan Mayu ya sauko, kogi ya cika ya yi ja, ba su fasa ba ko sau ɗaya. Akwai ranar da Merisye ya ce ba zai saka kwalekwalensa ba. Filomiz ta tsaya a kansa tana zuba masa ruwan masifa har ya ga nutsewa ta fi masa sauƙi.

A lokacin ne rediyo ya fara zafi. Akwai wani ɗan majalisa da ba ya gajiya da magana, kullum da safe yana cewa an yanke wa maƙwabta tallafi, yanzu za su kwararo mana kamar fara, su cika mana asibitoci, su kawo mana cuta, a ƙara sojoji, a ɗaga katanga. Abin haushin, rabin maganarsa gaskiya ne. Ni da nake zaune a barandar nan na fi shi sani. Tun da aka rufe asibitin tsallake, masu ciki suke zuwa mini, da masu ciwon suga, da uwaye riƙe da jarirai masu zawo. Ina za su je? Mutanen nan shekara da shekaru ba sa taka mana ƙasa sai ranar kasuwa ko ranar jana'iza, don suna da nasu likitan a bayan gida. Ba sha'awar fuskarmu ta kawo su ba. Amma shi ɗan majalisa bai taɓa buɗe baki ya tambayi waɗanda suka sa kwaɗon ba. Waɗancan sun fi ƙarfinsa, sai ya huce a kan mai tari. An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, ba a ce ka ɗaure masa hannu don kada ya taɓa rijiyarka ba. Kuma tarin tibi, in gaya wa mai girma, ba ya neman biza. Idan na Anteno ya zama mai taurin kai, kasuwa ɗaya muke ci, iska ɗaya muke shaƙa.

Anteno yana jin rediyon ya ce, "Donya, wannan mutumin da ni yake? Ku gaya masa ni ko kwana ba na yi a ƙasarsa. Kofinku ma ruwa-ruwa ne."

Farkon Yuni aka canja sojojin mashigar. Aka kawo sabon laftana daga birni, wanda aka ce kowane mako sai ya aika da adadin mutanen da ya kama. Na gaya wa Filomiz su dakata kwana biyu a ga kamun ludayinsa. Ta dube ni kamar na zagi uwarta. Ta ce, "Kwana talatin da uku suka rage. Cutar za ta dakata ne ita ma?"

Ran Laraba aka tare su, a kan gangaren, taku ɗari biyu tsakaninsu da ƙofata. Na riga na zuba ƙwayoyin a ƙaramin kofi ina jira sai na ji muryarta. Na fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Na tarar an zaunar da Anteno a ƙasa tare da wasu mutum tara da aka kamo, babbar mota mai keji tana tsaye.

Kowa a bakin kogin nan ya san abin da ake yi idan an kama ka. Ka yi shiru, ka sunkuyar da kai, a zuba ka a mota a kai ka ƙofar iyaka a sake ka. Da Filomiz ta yi haka, da ita da Anteno tare za a sauke su, ta riƙo hannunsa su dawo gida. Amma matar da ta yi shekara goma sha tara tana nuna katinta ana jinjina mata, ina za ta san cewa akwai wurin da kati yake zama abin tsiya? A ganinta mutumin nan bai fahimta ba ne kawai, idan ya ga aiki a rubuce zai ba su hanya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan majinyacina ne. Ni nake kawo shi shan magani. Ga shaida."

Na daka mata tsawa, "Komadre, mayar da shi jaka!" Amma ya riga ya karɓa.

Laftanan ya duba gaba ya duba baya. Ya ce, "Ke kike kawo shi? Ta ruwa?"

"Ni ce."

"Waɗannan alamomin fa?"

"Kowace ɗaya rana ɗaya ce. Da hannuna na sa."

"Sau nawa ke nan?"

"Daga nan zuwa nan, saba'in da ɗaya. Na yau ban sa ba, don bai haɗiye ba tukuna."

Na ga fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci dami a kala. Baƙin haure kullum yana samu, amma mai safara da shaida a rubuce da hannunta, wannan sai mai sa'a. Ya ninke katin ya sa a aljihun gaba, ya ce a sa mata ankwa.

Na ce, "Laftana, ni na ce ta riƙa kawo shi. Ni na hana ta maganin. Idan laifi ne, nawa ne."

Ya ce, "Donya, ki koma bakin aikinki. Da furfurarki."

"To ka bar shi ya sha na yau. Ga asibitin can, kana gani. Minti biyu."

"Mota ba ta jira."

Na juya da gudu in ɗauko kofin. Shekarata hamsin da takwas, gwiwata ɗaya ba ta da kirki. Kafin in dawo motar ta kai kwanar hanya. Na hango Anteno ta cikin kejin yana ɗaga mini hannu, yana faɗin wata magana da ban ji ba, kuma na san shi, wata zolayar ce.

Motar ba a mashigarmu take sauke mutane ba. Can kudu take kai su, babbar ƙofar iyaka, tafiyar yini guda. Daga can zuwa tudun su Anteno kwana uku ne ko huɗu a ƙafa ga mai lafiya, ta hanyoyin da 'yan bindiga suke tarewa. Aka sauke shi ba kuɗi, ba abinci, ba Filomiz.

A yammacin ranar na ɗauko kwalin maganinsa, na kwana talatin da uku, na naɗe a tsumma, na sa a ƙasan kwandon agade, na kai wa Merisye ya miƙa wa Ilfrida, don idan ya iso gida ya tarar da shi. Abin da na ce ba zai yiwu ba, minti biyar ya ɗauke ni. Ba wanda ya tare ni, ba wanda ya tambaya, sama ba ta faɗo ba. Ihu bayan hari. Da na yi haka a watan Maris, da yanzu Anteno yana can yana cika wa mutane kunne da labarin zakara, Filomiz tana gidanta. Ina zagin masu kwaɗo, ina zagin ɗan majalisa, ina zagin laftana, kuma duk sun cancanta. Amma idan na gama zagin, sai in tarar da kaina a ƙarshen layi.

Na je kotu na faɗi abin da na sani. Alƙali ya saurare ni da ladabi, ya ɗaga shari'ar, ya ce a ci gaba da tsare Filomiz.

Kowace Alhamis Ilfrida takan zo ta tsaya a bakin baranda. Ba sai na tambaya ba, Anteno bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi zaune a gindin bango kusa da ƙofar iyaka a rana ta biyu. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a bayan motar gawayi. Merisye ya sa 'yan'uwansa suka bi hanya suna cigiya har garuruwa uku, shiru. A mako na tara Ilfrida ta zo da kwalin, ko buɗe shi ba a yi ba. Ta ajiye a kan teburina ta ce, "Karɓi abinki, Donya. Ba na iya kwana ɗaki ɗaya da shi."

A makon ne Dakta Yocasta ta zo, mai duba aikin tibi ta lardi. Ba muguwa ba ce, mace ce mai ƙauyuka arba'in a wuyanta da mota mai zubar da mai. Ta buɗe littafina ta tsaya a kan sunan Anteno.

Ta ce, "Wannan ya wuce wata biyu bai zo ba. Ki rufe katinsa."

A ƙasan kowane kati akwai gidaje biyar, dole a cike ɗaya. Ya warke. Ya mutu. Maganin bai ci ba. An mayar da shi wani asibiti. Ya watsar da magani.

Na ce, "Dakta, ba ko ɗaya a nan da ya dace da shi."

"Kina da takardar mutuwarsa?"

"Babu."

"Wani asibitin ya karɓe shi?"

"Wane asibiti? Wanda aka rufe?"

"To na biyar ne."

Na ce, "Mutumin da ya ƙetare kogi sau saba'in da ɗaya, har da ranar ambaliya, shi ne ya watsar? A kan hanyar ɗakin nan aka ɗauke shi, ƙwayarsa tana cikin kofi! Ina gidan da aka rubuta an rufe masa asibiti? Ina na an jefa shi a mota? Ina na nas ta ji tsoron fanshonta?"

Ta cire tabarau ta murza idonta. Ta ce, "Lala, ban ƙi taki ba. Amma gida biyar ne, ba ni na buga katin ba. Idan ba a rufe nasa ba rahoton lardi ba zai tafi ba, idan bai tafi ba maganin wata uku masu zuwa ba zai zo ba. Mutum nawa kike da su yanzu?"

Mutum shida nake da su, huɗu daga tsallake. Na ɗauki biro na cike na biyar, na sa hannu a ƙasa.

Lahadin da ta wuce na je ganin Filomiz. Na kai mata shinkafa da wake da soyayyen agade. Ta rame, gashinta ya yi fari fat a gaba, amma bakin yana nan. Kafin in zauna ta fara ba ni labarin wata mata a ɗakinsu da take tari da zufa, ta hana gandirobobi sakat sai an gwada ta. Sannan ta tsaya, ta dube ni.

"Ya dawo?"

Na girgiza kai.

Ta ƙirga da yatsu, bakinta yana motsi. Ta san aikin fiye da ni. Ta ce, "An wuce wata biyu. An rufe katinsa ke nan. Me aka rubuta?"

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Amma ba a yi wa Filomiz ƙarya a kan kati. Na gaya mata.

Can ta ce, "Mutum ɗari biyu da shida na raka, komadre. Wasu sun warke, wasu ni na rufe musu ido. Ko ɗaya ba a taɓa rubuta masa wannan ba." Ta ja numfashi. "Ba shi ya watsar ba."

"Na sani."

"To wa ya sa hannu?"

Na ce, "Ni."

Ba ta zage ni ba. Ta zuba wa hannuna ido a kan teburin har sai da na janye shi na ɓoye a cinya. Gandiroba ta buga ƙarfe, lokaci ya cika. Filomiz ta miƙe, ta ɗauki kwanon abincin, ta yi taku biyu, sannan ta juyo.

Ta ce, "Kada ki gaya wa Ilfrida. Ba ta karatu, duk abin da aka ce gwamnati ta rubuta gaskiya ne a wajenta. Za ta ɗauka guduwa ya yi."